Wata shida ina aiki da na'urar MinION

Ranar da muka buɗe kwalin, wani ɗalibina ya leƙa ya ce, "Malam, wai ita ke nan?" Ita ke nan kuwa. MinION, na'urar karanta DNA (bayanan gadon halitta) ta kamfanin Oxford Nanopore na Ingila, ba ta wuce tafin hannu ba, kuma da wayar USB ake haɗa ta da kwamfuta.

Sirrin yana cikin farantin da ake ɗiga samfur a kai. Ramuka 2,048 ne na furotin a jikinsa. Zaren DNA yana ratsa rami, ƙarfin lantarki yana sauyawa, manhaja tana mayar da sauyin zuwa haruffan A, C, G da T, waɗanda da su ake rubuta DNA. Abin da ya fi burge ni shi ne sakamako na fitowa kana kallo. Da, sai mu tura samfurin ƙwayar cuta waje mu zauna jira har mu gaji. Yanzu na ɗora aiki bayan azahar, kafin isha na san da wace ƙwayar cuta nake magana. Ba mamaki da ita aka bi sawun Ebola a Gini a 2015, da zazzaɓin Lassa a Irrua ta jihar Edo a 2018.

Faranti na farko ni na kashe shi da hannuna. Ina zuba ruwan share fage, wanda ake fara zubawa kafin samfur, hannuna ya yi rawa, kumfar iska mitsitsiya ta shige. Ina ji ina gani ramukan suka mutu a allo, ɓangare guda. Tun ranar sai na zuƙe ɗan ruwa daga bakin farantin kafin in zuba komai, kuma ba na amsa sallamar kowa a lokacin.

Farantin yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Wani dillali ya taɓa riƙe mana kaya kwanaki, suka iso ƙanƙarar ta narke. Aiki kuma yana iya kai awa 72, don haka wanda ba shi da sola ko batir mai ƙarfi kada ma ya fara.

Mai neman auna furotin ko sinadaran da jiki ke sarrafawa, wannan ba layinta ba ne. Wancan aikin babbar na'urar auna nauyin sinadarai ne. Amma ga ƙaramin ɗakin bincike mai bin ƙwayoyin cuta, ta biya ni. Na riga na saka faranti shida a kasafin baɗi.