Hayar keken doki don biki a Zariya: kwalliya ta biya, takarda ce babu

A garin da ake Hawan Bariki da Hawan Daushe, doki ba baƙo ba ne. Masu bargar da ke ba da hayar keken doki don ɗaukar ango ko amarya sun iya ado, ba a magana. Inda suke da rauni shi ne abin da ido bai fara kaiwa ba.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, je barga da kanka. A ɗaga ɗamarar ƙirjin dokin ka duba fatar da ke ƙasa: nan nauyin keken yake sauka, kuma idan ɗamarar ta bushe ko ta yi siriri, sai ta ci wurin ya zama gyambo. Doki mai gyambo yakan turje ko ya zabura da zarar an ja linzami. A ɗaga ƙafafu huɗun duka. Dawakanmu galibi ba su da takalmin ƙarfe, kwalta kuwa tana cinye kofato, ga santsi. Sannan a girgiza tayoyin keken. In suna kaɗawa, boris ya mutu. Keken da ba shi da birki, kada ka karɓa ko da kyauta ne.

Doki mai aiki yana shan ruwa lita 30 zuwa 50 a yini. A zafin Maris da Afrilu, fita tsakanin azahar da la'asar zalunci ne, a bari sai rana ta yi sanyi. Kada a cika masa ciki da gero ko dusa dab da fita, harawa ta wadatar, don gudun ciwon ciki. Hanya ma abin dubawa ce: hon ɗin tireloli a Kwangila da cunkoson 'yan acaɓa a Ƙofar Doka suna firgita dokin da bai saba ba. Dole mutum ɗaya ya riƙe ragama a ƙasa, ban da mai tuƙi.

A Amurka rigimar wannan sana'a ta kai ga 'yan majalisa. Birnin Chicago ya haramta ta daga 2021, jihar Arkansas kuma ta yi doka a wannan shekarar, wadda ta hana birane haramta aiki da dabbobi, New York kuwa ta ƙayyade wa doki awa 9 a rana. Nan Zariya kuwa ciniki duk da baki ake yi, sai doki ya banke gilashin motar wani a fara nuna wa juna yatsa. Ku rubuta awa nawa, wace hanya, wa zai biya ɓarna, shaidu biyu su sa hannu. Mai bargar da ke kai dawakinsa Asibitin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya cancanci ƙarin kuɗin da zai nema.