Windows XP: a kan tsohuwar kwamfuta ko a cikin VirtualBox?

Mai tsohuwar manhaja da ba ta tashi sai a Windows XP, hanya biyu gare shi.

Ta farko, ya saka XP kai tsaye a kwamfuta. A nan direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da sassan kwamfuta, ke ba da wahala. Faifan XP bai zo da direban AHCI (tsarin da kwamfuta ke hulɗa da hard disk) ba, shi ya sa allo ke komawa shuɗi da lambar 0x0000007B tun wajen sakawa. Maganinsa a shiga BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, a mayar da AHCI zuwa tsohon tsarin IDE. In kuma Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, ya nuna alamar rawaya a kan wani sashe, a duba lambobinsa na VEN da DEV (lambar kamfanin da ya ƙera shi da ta sashen), da su ake gano direban da ya dace. Kwamfutocin yanzu kuwa, masu ƙera su sun daina yi wa XP direba.

Ta biyu, ya saka XP cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da kwamfuta ta kwaikwayo a cikin wata, a sabuwar kwamfuta. Guest Additions, direbobin VirtualBox da ake sakawa cikin XP, kan daidaita allo da linzami cikin 'yan mintuna. Ni wannan na fi so, domin tun 2014 Microsoft ta janye tallafinta ga XP, kuma a nan yanke masa intanet ba wuya.

Amma in manhajar tana sarrafa inji ta katin PCI da ake sokawa a cikin kwamfuta, tsohuwar kwamfutar ce dole.