Kano zuwa Makurdi: ta Abuja za ka bi ko ta Jos, tunda yanzu akwai tolget?

Tun da aka fara karɓar kuɗin tolget a titin Keffi zuwa Makurdi a watan Fabrairun 2025 mutane suke ta tambaya wai wace hanya ta fi sauƙi, musamman 'yan uwanmu masu zuwa Binuwai sarin doya da lemo. Yara da yawa ma ba su san an taɓa biyan kuɗin titi a ƙasar nan ba, tunda Obasanjo ya sa an rushe tolget tun ƙarshen 2003.

Titin da ake maganar ya taso daga Keffi ya bi Akwanga da Lafia ya dire Makurdi, tagwaye ne, da bashin bankin Exim na China aka yi shi, wai da kuɗin da ake karɓa za a biya bashin a kuma riƙa gyara. Wuri huɗu ake tsayawa a biya. Farashin da aka sa da farko shi ne ƙaramar mota ₦500, jif ₦800, ƙaramar bas ₦1,000, manyan motoci ₦1,600, mashin da adaidaita ba sa biya. Ka riƙe katinka na ATM a kusa kar ka dogara da tsabar kuɗi kawai, kuma ka tambayi direbobi a tasha ko farashi ya motsa.

To yanzu lissafi. In ka bi ta Abuja, wato Zariya, Kaduna, Zuba, ka ratsa gari ka fita ta Nyanya, duk ƙofofin nan sai ka biya su. Amma gaskiya ba wannan ne abin damuwa ba, ₦500 fa ko litar mai ɗaya ba ta saye. Abin da zai cinye ka shi ne zagaye da kuma gosulon Mararaba da Masaka, in tsautsayi ya kai ka wajen da yamma lokacin da ma'aikata ke komawa gida za ka ga mota tana tafiya taku ɗaya ta tsaya, masu tallan ruwa da gyaɗa suna wuce ka a ƙafa, allurar zafin inji tana hawa, mai yana ƙonewa a banza. Ga kuma tsakanin Kaduna da Abuja da aka shafe shekaru ana aiki, wani wajen a haɗe ku a hannu ɗaya da tireloli. Amfaninta dai akwai gidajen mai da makanikai da wurin kwana ko'ina, kuma daga Keffi titi ne lafiyayye.

Ta Jos kuwa, Kwanar Dangora za ka karya, ka bi Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, ka shiga Jos, ka gangaro Hawan Kibo ka faɗo Akwanga. Ta fi kusa da sama da kilomita 100, ka ga an rage mai sosai, kuma ka tsallake tolget ɗin Garaku tunda shi yana tsakanin Keffi da Akwanga ne, sauran na gaba dai ba makawa. Matsalarta yawanci hannu ɗaya ce, ga ramuka, kuma Falgore ba wajen da mai hankali zai shiga da magariba ba ne. Shi kuma Hawan Kibo birki yake ci, in motarka tana da lodi ko birkinka na da ɗan wasa to ka sauko da ƙaramar giya, kar ka bi bayan tirela kurkusa.

Akwai masu yankewa daga Kaduna ta Kachia su ɓullo Keffi don gudun Abuja, ni dai ba zan tura mutum can ba sai ya ji halin tsaron hanyar a ranar daga bakin direban da ya biyo ta.

Ni a ganina mai ƙaramar mota mai lafiya da zai iya barin Kano bayan sallar asuba ya bi Jos, zai wuce dajin da hantsi ya sauka hawan da rana tsaka. Wanda ya makara, ko yake da iyali a mota, ko bai yarda da birkinsa ba, ya bi Abuja, in dare ya yi ya kwana Keffi da safe ya biya tolget ɗinsa ya wuce.