Tour of Honor: gasar farautar wurare a kan babur, yadda take ga sabon mahayi

A Amurka akwai wata irin gasar babura da ba tsere ake yi a cikinta ba. Ana ba mahayi jerin wurare, ya nemo su da kansa, ya ɗauki hoto a kowanne don shaida cewa ya je. Mafi tsananin irin wannan ita ce Iron Butt Rally, wadda aka fara a 1984, inda mahaya ke cin kusan mil 11,000 cikin kwana 11. Wannan ba ta sabon shiga ba ce. Wadda ta dace da mutumin da bai daɗe da karɓar lasisi ba ita ce Tour of Honor, kuma dalilin guda ne: babu agogon da ke kora ka. Ana buɗe ta ranar 1 ga Afrilu, a bar ta a buɗe aƙalla wata bakwai, ka fita ranar da ka ga dama, ka bi hanyar da ka zaɓa.

Tsarin ba shi da wuya. Kana yin rajista ta intanet, ka biya kuɗi, a aiko maka da tuta mai ɗauke da lambarka. Ranar buɗewa a saki jerin wuraren kowace jiha, galibi bakwai-bakwai, dukkansu wuraren tunawa da sojoji, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ka je wurin, ka ɗauki hoton da ya haɗa abin tunawar da baburinka da tutar, ka tura. Wanda ya kai wurare bakwai, ko da a jihohi daban-daban, ya kammala, za a ba shi takardar shaida. Akwai kuma ƙarin rukunoni ga mai son yawo: jiragen Huey masu saukar ungulu na zamanin yaƙin Biyetnam da aka kafe a garuruwa, wuraren tunawa da karnukan soja da na 'yan sanda, da mutum-mutumin sojan yaƙin duniya na ɗaya da E. M. Viquesney ya ƙera, wanda kwafinsa sama da ɗari ke warwatse a ƙananan garuruwa. Ya kamata mai shiga ya san wannan tun farko: gasar ta girmama sojojin Amurka ce, kuma mutum-mutumi da maƙabartu za ka yi ta ziyarta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba, gara ya nemi wata.

Batun sadaka kuwa, wani kaso ne na kuɗin rajista ke tafiya ga ƙungiyoyin agaji, ba duka ba. Daga cikin waɗanda suka amfana akwai Fisher House Foundation, wadda ke gina gidaje kusa da asibitocin soja domin iyalan majinyata su zauna kyauta, aikin da Zachary da Elizabeth Fisher suka faro a 1990. Aiki ne mai kyau ƙwarai, duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a garin da ba shi da kowa ya san darajarsa. Amma a yi lissafi da gaskiya: kuɗin mai, masauki da taya da za ka kashe sun ninka abin da zai isa ga ƙungiyar sau da yawa. Idan taimako ne babban burinka, ƙara da gudummawa kai tsaye.

Inda sabon mahayi ya fi shan wahala ba a kan titi ba ne, a wurin tsayawa ne. Wuraren nan da yawa suna cikin maƙabarta ko dandalin gari, ƙasar tsakuwa ce ko ciyawa ko gangara. Kana tafe a hankali, idonka na neman abin tunawar, ka hango shi a hagu, ka karya kan babur, ka damƙe birkin gaba. Nan take babur zai kwanta, domin birkin gaba da karyayyen kai a ƙaramin gudu yana jefa nauyin duka gefe guda. A irin wannan wuri birkin baya ake takawa, kai a miƙe, ido a gaba. Wanda ya saba da Boxer ko Jincheng a gida ya lura sosai: waɗancan ba su wuce kilo 120 da ɗoriya ba, ƙafa ɗaya tana tare su, amma manyan baburan tafiya irin Gold Wing sun haura kilo 350, idan suka fara karkata babu ƙafar da za ta riƙe su. Babur mai 300 zuwa 500cc ya ishi mai koyo yin wannan gasa gaba ɗaya.

Kafe babur ma sai da dabara. Ka bar shi a giya ta ɗaya, hancinsa yana kallon tudu, don kada ya gangara ya ture ƙarfen da aka jingina shi a kai. A kan ciyawa, ko kwaltar da rana ta tausasa, ƙarfen yana nutsewa a hankali har babur ya faɗi kana can kana gyara tuta. Ɗan faifan roba ko katako mai faɗin tafin hannu, ɗaure da igiya zuwa kan babur, yana maganin wannan, kuma igiyar za ta hana ka manta shi a ƙasa.

Hoto shi ne gasar, kuma nan ake asarar wahala. Lambar tuta dole ta karantu. Iska na naɗe ta, saboda haka ka riƙe maƙalai huɗu irin na shanya, biyu sama biyu ƙasa, ka maƙala ta a gilashin gaba ko jikin jaka. Kafin ka tashi, buɗe hoton ka zuƙo shi, ka tabbata lambar ta fito kuma abin da ka ɗauka shi ne na cikin jerin, domin dandali ɗaya yakan ƙunshi abubuwan tunawa uku ko huɗu, na yaƙe-yaƙe daban-daban. Idan wurin ba ya shiguwa da babur, kada ka hau kan ciyawar mutane ko tsakanin kaburbura. Ka ɗauki abin tunawar da tutar, sannan ka ɗauki babur a wuri mafi kusa da aka yarda a tsaya. Ka tura hoton kana wurin idan akwai sabis. Sannan ka mai da tutar cikin aljihu ɗaya tak, mai zif, kowane lokaci. Tutar da aka ɗora a kan kujerar baya aka tashi, ba a ganinta kuma.

Wajen taswira akwai wani kuskure da ke ɓatar da mutane. Lambobin GPS da ke nuna inda wuri yake suna zuwa a salo fiye da ɗaya. Idan an rubuta 38.30 na digiri, na'urarka kuma ta karanta shi a matsayin digiri 38 da minti 30, wato 38 da rabi, ta kai ka 38.50 ke nan, tazarar kusan kilomita 22. Ka duba kowane wuri a hoton tauraron ɗan'adam tun a gida, ka ga mashigarsa da inda za ka tsaya, ka sauke taswirar cikin waya saboda ƙauyukan da babu sabis. Kada kuma ka ɗaure wayar da kake ɗaukar hoto da ita a kan babur kai tsaye: Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjigar injin manyan babura na lalata kyamarar iPhone. Ko ka sa maƙali mai tsotse jijjiga, ko ka ware tsohuwar waya don nuna hanya.

Ranar farko ka tsara wurare biyu ko uku cikin kilomita 250 zuwa 300, ba fiye ba. Lissafa kilomita 65 zuwa 70 a awa idan an haɗa da tsayawa, ka ba kowane wuri minti 15. Tankin lita 14 a babur mai shan lita 4 a kilomita 100 zai kai ka 350, amma ka sha mai tun a 230, musamman a jihohi irin Nebada da Montana inda gidajen mai ke da nisa da juna. Auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, da lambar da ke littafin babur ko takardar da aka manna a jikinsa, ba wadda ke gefen taya ba, waccan iyakar abin da taya za ta ɗauka ce. Sarƙa tana son mai duk bayan kilomita 500 zuwa 800, da kuma bayan ruwan sama. Ka riƙe kayan faci, ƙaramin famfo, rigar ruwa da ruwan sha aƙalla lita biyu. Babu motar agaji da ke bin bayanka, kai kaɗai ne, don haka ka bar wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. Ka kuma dawo kafin magariba, lokacin ne barewa ke tsallaka titunan karkara.

Abin da na fi ƙi a tsarin shi ne kofin da ake ba waɗanda suka riga kowa kammala wuraren jiha. Yana sa wasu fita cikin daren 1 ga Afrilu, lokacin da jihohin arewa ba su rabu da ƙanƙara da yashin da aka zuba a titi ba. Masu shekaru a kan babur sun san yadda za su yi da wannan. Sabon mahayi ya bar musu kofin, ya jira Mayu. Haka ma gwajin SaddleSore, mil 1,000 cikin awa 24, wanda zai ji ana ta zancensa: ba na shekarar farko ba ne. Wanda bai yi kwas ɗin koyon tuƙi na Motorcycle Safety Foundation ba, ya fara da shi kafin ya biya kuɗin rajista, domin juyi a matsattsen wuri da tsayawa a hankali da ake koyarwa a can su ne ainihin abin da wannan gasa za ta tambaye shi a kowane wuri da ya tsaya.