Gidan kallon ƙwallon Amurka a Nima, inda ake mayar da hoto baya kafin a ɗora wa ɗan wasa laifi

Daga cikin gidajen kallon ƙwallo da suka cika Nima da Mamobi a birnin Akra, akwai guda ɗaya a wani lungu da ba shi da nisa da kasuwa, wanda yake ware daren Lahadi tun daga watan Satumba har zuwa Fabrairu domin gasar NFL, wato ƙwallon Amurka da ake runguma a ƙirji ana gudu da ita. Na daɗe ina zuwa wurin, kuma ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci kuɗin shigarsa. Allonsa da kujerunsa ba su fi na maƙwabtansa ba. Abin da ya ɗaga darajarsa a idona wata al'ada ce da mai gidan ya kafa, wadda ta sauya yadda masu kallo suke yanke hukunci a kan wanda ya jawo wa ƙungiya asara.

Masu sha'awar wannan wasa a Gana ba su da yawa, amma suna ƙaruwa, kuma akwai dalili. Ezekiel Ansah, wanda aka haifa a Akra, shi ne mutum na biyar da aka zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2013, lokacin da Detroit Lions ta ɗauke shi. A watan Yunin 2022 hukumar NFL ta kawo sansanin neman matasa masu hazaƙa nan Gana tare da tsohon ɗan wasan gasar Osi Umenyiora, kuma a shekarar ce ƙungiyar Philadelphia Eagles ta sami izinin tallata kanta a ƙasar nan. Wannan ya sa rigar Eagles ce ta fi yawa a ɗakin, sai kuma tsirarun magoya bayan Kansas City Chiefs da na Cleveland Browns, inda Jeremiah Owusu-Koramoah, ɗan wasa mai asali da Gana, ya yi suna.

Ɗakin dogo ne mai rufin kwano, da bencina a gaba da kujerun roba a baya, da majigi ɗaya da talabijin biyu a gefe. Fankoki suna aiki, sauti yana fita sarai, kuma idan aka ɗauke wuta janareto yana tashi cikin ɗan lokaci kaɗan. Kuɗin shiga daidai yake da na kallon wasan Firimiya, alhali wasan Amurka yakan ci kusan awa uku, duk da cewa lokacinsa a agogo minti 60 ne da aka raba gida huɗu. Wasannin farko suna somawa da ƙarfe biyar na yamma a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe shida bayan Amurka ta sauya agogonta a Nuwamba, don haka sallar Magariba da ta Isha'i suna faɗowa a cikin wasa. Mai gidan, wanda kowa ke kira Alhaji, yakan tsayar da hoton a dikoda har a dawo daga masallaci, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan dikodar mai iya tsayar da hoto da mayar da shi baya ita ce tushen al'adar da nake magana a kai.

Mai kallon ƙwallo, ko a Nima yake ko a Chicago, idonsa yana kan wanda ya taɓa ƙwallo a ƙarshe. A wannan wasa kuwa mutum 22 ne suke motsi a cikin daƙiƙa ɗaya, kowa da aikin da aka rubuta masa tun kafin a soma, amma kyamarar talabijin ƙwallo kawai take bi, ta bar masu tsaron baya da masu gudu su cafe a wajen hoto. Idan mai jifa ya jefa ƙwallo abokin hamayya ya cafe, littafin lissafin gasar a kansa yake rubuta kuskuren, ko da ƙwallon ta fara dukan tafin hannun abokin wasansa ne ta yi sama. Sau da yawa kuma an tsara cewa mai cafewa zai karanta tsayuwar mai tsaronsa ya zaɓi ko ya karya ciki ko ya karya waje, shi kuma mai jifa yana sakin ƙwallo tun kafin ya juyo, saboda haka idan fahimtarsu ta saɓa, abin da mai kallo zai gani shi ne mutum ya jefa ƙwallo inda babu kowa sai abokin gaba. Daga nan ɗaki zai ɗauki ihu, a ce mai jifan nan makaho ne, a sayar da shi. Wannan hukunci ya yi kama da a ga gini ya rushe a kama mai fenti domin shi aka gani na ƙarshe a jikin bango.

A wannan gida, idan irin haka ta faru, ana jiran hutun talla, wanda wasan Amurka yake da shi da yawa, sai wani matashi da suke kira Koci ya karɓi rimot ya mayar da hoton baya. Ba ya dogon bayani. Yakan ce, “'Yan'uwa, ku bar kallon ƙwallo, ku kalli mutum biyar ɗin da ke tare masa gaba,” sai a ga ashe ɗaya daga cikinsu ya saki mutuminsa, mai jifa ya sha duka a haƙarƙari a daidai lokacin da yake sakin ƙwallo. Na ga wani dattijo da ya gama tsine wa mai jifa ya yi shiru bayan an maimaita hoton sau biyu, ya ce, “Yaro, sake mayarwa, ashe ba shi ba ne.” A mafi yawan gidajen kallo da na sani, wanda ya fi ɗaga murya shi ke cin gardama, amma a nan hoto ake kira ya yi shaida, kuma wannan ne ya sa nake ganin kuɗina bai tafi banza ba.

A lokacin hutun rabin lokaci Koci yakan nuna tsofaffin wasanni daga YouTube, kuma wanda ya fi amfani a ganina shi ne na Cody Parkey, mai bugun ƙwallo da ƙafa na Chicago Bears a lokacin. A ranar 6 ga Janairun 2019 Chicago Bears tana biye da Eagles da maki 15 da 16, saura daƙiƙoƙi a tashi, Parkey ya buga ƙwallo daga yadi 43 domin ta wuce tsakanin sanduna su ci wasan, ta daki sandar hagu, ta sauko ta daki sandar kwance, ta dawo fili. Filin wasa ya yi masa ihu, kafofin sada zumunta suka cika da zagi. Washegari hukumar gasar ta duba hoton a hankali ta sauya rubutun, domin yatsun Treyvon Hester na Eagles sun taɓa ƙwallon tun tana tashi. Kuma a wannan wasa Parkey ne ya ci wa ƙungiyarsa maki 9 daga cikin 15 ɗin. Duk da haka Bears ta sallame shi kafin kaka ta gaba, kuma har yau da sunansa ake tuna asarar. Koci yakan ƙara da cewa bugun nan aikin mutum uku ne, mai miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, da mai kafa ta a ƙasa ya juya ɗinkinta ya kalli sanduna, da mai bugu, kuma dukkan aikin bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, ga kuma sauran takwas da dole su hana kowa kutsowa. Haka aka yi wa Scott Norwood na Buffalo Bills a Janairun 1991, lokacin da ya kuskure daga yadi 47 suka faɗi da 19 da 20, aka manta cewa New York Giants ta riƙe ƙwallo sama da minti 40 a wasan saboda masu tsaron Buffalo sun kasa ƙwato ta.

Ba sai an yi wa ɗan Gana dogon sharhi a kan wannan ba. Duk lokacin da aka nuna Parkey sai wani ya ambaci Asamoah Gyan da fanaretin 2 ga Yulin 2010 a wasan Gana da Uruguay, wadda ta daki sanda bayan Luis Suárez ya tare ƙwallo da hannu. Mutane kaɗan ne suke tuna cewa Gyan ya dawo ya ci ta farko a bugun raba gardama, kuma John Mensah da Dominic Adiyiah ne aka tare nasu. Na lura cewa waɗanda suka fi saurin yi wa Parkey uzuri su ne suka fi wuyar yi wa Gyan, domin asarar Chicago ba ta taɓa zuciyarsu ba.

Gardamar da ba ta taɓa ƙarewa a ɗakin ita ce ta wasan ƙarshe na ranar 1 ga Fabrairun 2015, lokacin da Seattle Seahawks tana yadi ɗaya daga layin cin maki da zai ba ta wasan, ga gwaninta na gudu da ƙwallo Marshawn Lynch a bayan layi, amma aka umarci mai jifanta Russell Wilson ya jefa, Malcolm Butler na New England Patriots ya sha gaban Ricardo Lockette, wanda aka jefa wa ƙwallon, ya cafe, aka tashi 28 da 24. Wasu suna ɗora laifin a kan kocin Seattle na lokacin, Pete Carroll, wanda shi kansa ya karɓe shi bayan wasan, wasu a kan Wilson, wasu a kan Lockette da bai yi kokawa a kan ƙwallon ba. Da aka maimaita hoton sai aka ga Brandon Browner na Patriots ya danne Jermaine Kearse na Seattle a kan layi, ya hana shi tare wa Butler hanya kamar yadda aka tsara. Abin da na ƙaru da shi a nan shi ne wani lokaci abin da muke kira kuskuren namu ƙwarewar abokin hamayya ce, kuma magoya baya ba su cika son yarda da wannan ba.

Gidan yana da nasa aibu, kuma na farko yana cikin al'adar da nake yabo. Idan abu ya shafi Eagles, adalcin ɗakin yana raguwa. Har yanzu idan aka ambaci wasan ƙarshe na Fabrairun 2023, wanda Chiefs ta ci da 38 da 35, mafi yawansu alƙalin wasa suke zargi saboda hukuncin da ya yanke wa James Bradberry, mai tsaron baya na Eagles, a mintunan ƙarshe, alhali Bradberry da bakinsa ya ce ya riƙe rigar JuJu Smith-Schuster na Chiefs. Eagles ta tafi hutu tana gaba da 24 da 14, tun kafin hutun ƙwallo ta kuɓuce wa mai jifanta Jalen Hurts, Nick Bolton na Chiefs ya ɗauka ya ci, kuma masu tsaronta ba su kayar da mai jifan Chiefs Patrick Mahomes da ƙwallo a hannu ko sau ɗaya ba. Koci ya san duk wannan, amma ban taɓa ganin ya nuna shi da irin himmar da yake nuna na sauran ƙungiyoyi ba.

Akwai kuma lokacin da uzurin yake wuce gona da iri, har a kai ga ba wanda ke da laifi ko kaɗan. A Janairun 2025 Mark Andrews na Baltimore Ravens ya saki ƙwallon da za ta daidaita maki da Buffalo, aka tashi 25 da 27. Gaskiya ne mai jifan Ravens Lamar Jackson ya yi asarar ƙwallo sau biyu a rabin farko, kuma ko da Andrews ya cafe, kunnen doki kawai za a yi, da sauran lokaci a hannun Buffalo. Amma ƙwallon ta shiga hannuwansa, kuma cafewa shi ne aikin da ake biyansa dominsa. Raba laifi yadda ya dace yana bukatar a ba kowa kasonsa, har da wanda ake tausayi.

Abin da ya fi damuna shi ne samarin da ke zama a baya da wayoyinsu, waɗanda suka saka kuɗi a caca. Su ba ruwansu da maimaita hoto, domin ɗan wasan da ya ɓata musu tikiti shi ne mai laifi, ko wane ne, kuma zaginsu yakan kai ga iyaye a gaban yara da dattawa. Alhaji yakan ce, “Samari, ku ji tsoron Allah, akwai manya a nan,” su yi shiru na ɗan lokaci su ci gaba. Ina ganin ya kamata ya ƙara tsanantawa, ko da zai rasa wasu daga cikinsu. Sannan mayar da hoto yana sa ɗakin ya kasance a bayan wasan da mintuna, har mai waya ya riga kowa sanin sakamako ya ɓata wa mutane daɗin kallo. Idan kuma akwai babban wasan Sifaniya ko na Ingila a wannan yamma, ana mayar da ƙwallon Amurka ƙaramin talabijin sai an tashi. Banɗaki ɗaya ne, kuma babu wani wuri da aka ware wa mata.

Mai shayi yana bakin ƙofa har tsakar dare, da burodi da ƙwai, mai tsire kuma yana gefen titi, amma shinkafa da wake takan ƙare da wuri. Wanda bai san dokokin wasan ba ya zo wasan farko na yamma ya zauna a bencin gaba kusa da Koci, domin a lokacin ne ake yawan bayani. Wasan dare yana somawa bayan ƙarfe goma sha biyu, kuma ba a buɗe masa sai idan Eagles ce za ta buga. Ranar wasan ƙarshe na Fabrairu ana take ƙwallo wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, kujeru suna cika tun bayan Isha'i, kuma mai zuwa daga nesa ya tanadi abin hawan komawa tun da wuri, domin ba a tashi sai wajen ƙarfe uku na dare.