Piriton ko Loratadin: Wanne Ya Dace da Mai Riƙe Sitiyari?

Ka tambaya wanne za ka sha don atishawa tsakanin Piriton da loratadin, kai da kake direba. Loratadin za ka saya, ɗan'uwa. Tunda ka ce lodin Jos zuwa Abuja kake yi, kuma atishawa da ƙaiƙayin ido ne ke tasar maka da zarar hunturu ya kama, ai maganar Piriton ba ta ma taso ba. Da a shago kake wuni, da sai mu tsaya ja-in-ja.

Ni gwanjo nake sayarwa a kasuwar Katako da ke Jos, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fasa dila ya san abin da hanci ke gani. Da an datse ƙarfen da ya ɗaure ta, kayan su kumbura su baje, sai wani wari mai haɗe da ƙura ya turnuƙe rumfar. A da, nan take atishawa za ta jero mini ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba kamar famfon da ya lalace, ido ya kaɗa ya yi jajir har masu ciniki su riƙa tambaya ko rasuwa aka yi mana. Wata ma'aikaciyar famasi da ke sayen rigunan sanyin yaranta a wurina ce ta dube ni wata rana ta ce, "Alhaji, wannan ba mura ba ce, jikinka ne ba ya shiri da ƙurar nan." Ta ce in nemi loratadin mai miligiram 10, in sha guda ɗaya tun kafin in bar gida, kada in jira sai atishawar ta fara. Allah ya saka mata da alheri. Yanzu daga Nuwamba har hazo ya ɗauke, katinsa ba ya rabuwa da aljihun jakata. In na dawo masallaci da asuba in kora ɗaya da ruwa, kafin a gama shayi a isa kasuwa a buɗe rumfa ya soma aiki. In wuni ina ciniki, ina lissafin kuɗin mutane, idona tar, ba kasala ba hamma. Ƙwaya ɗaya ce har gobe war haka, kuma ba ruwanta da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba.

Piriton kuwa, to, yana aiki, yana da arha, kuma babu kemis ɗin da za ka shiga ka rasa shi. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Dukansu biyu abu guda suke yaƙa. In ƙura ko garin furanni ko gashin kyanwa ya shiga hancin mai irin jikinmu, jiki sai ya ɗauka abokin gaba ne, ya saki wani sinadari da ake kira histamin. Shi ke buɗe ƙananan hanyoyin jini har ruwa ya tsattsafo, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da atishawa. Magungunan nan suna tare gurbin da yake zama ne. Matsalar ita ce histamin ɗin nan yana da wani aikin a ƙwaƙwalwa, yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Sinadarin da ke cikin Piriton, wato kilofeniramin, tsohon magani ne tun ƙarshen shekarun 1940, kuma yana ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa ya tare wancan aikin ma. Loratadin ya zo daga baya, sai a 1993 Amurka ta amince da shi, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke kaiwa can. Duk bambancin a nan yake.

Ka duba yadda ake shan Piriton ma. Miligiram 4 ne, duk bayan awa 4 zuwa 6, ba a wuce ƙwaya 6 a yini. Wato kafin ka sauke fasinja a Abuja lokacin wata ya yi, ka ƙara barci a kan barci. Na san abin da direbobi ke cewa: ai da dare zan sha, in yi barcina, da safe ya sake ni. Ba ya saki da wuri haka. A jikin babba yakan ɗauki kusan yini guda kafin rabinsa ma ya fita. Ka sha ƙarfe 10 na dare, ka yi lodi da asuba, lokacin da za ka wuce Riyom ka fuskanci gangaren Hawan Kibo yana nan cikin jininka. Kuma abin tsoron ba gyangyaɗin da kake ji ba ne. Mutum zai rantse garau yake, alhali tsakanin ganin tirela ta taka birki da ƙafarsa ta kai nasa birkin an samu ɗan jinkirin da bai san da shi ba. A wannan gangaren, cikin hazo, da rayukan mutane a bayanka, wannan ɗan jinkirin ya isa. Goro da kofi da lemukan ƙara kuzari na gwangwani suna buɗe ido ne kawai, ba sa mayar da saurin hannu. Ga bushewar baki da maƙogwaro, ga gani na yin dishi-dishi a wasu, ga taurin ciki.

Sannan ka lura, kana iya shan Piriton ba ka sani ba. Magungunan mura na haɗi irin su Procold da Mixagrip suna ɗauke da kilofeniramin a ciki, haka magungunan tari da yawa na kwalba. Juya bayan kwalin ka karanta kafin ka haɗiya. In ka sha su tare da loratadin ka rushe abin da ka gina.

Kada in yi maka tallan da ya wuce gaskiya. Loratadin ba ya saurin kamawa, yakan ɗauki awa 1 zuwa 3, shi ya sa ake riga atishawar sha. Yana tsayar da yoyon hanci da ƙaiƙayi da hawaye, amma in hancin ya toshe ƙam, ba wani abin kirki zai yi maka ba. Wannan aikin ruwan gishiri ne na wanke hanci, ko maganin fesawa da likita zai rubuta. Wasu yana sa su ciwon kai ko bushewar baki, kuma akwai tsirarun da ko shi yana saukar musu da kasala, don haka ranar da ba ka da lodi za ka fara gwada shi, ka ga yadda jikinka ya karɓa. Kada ka ninka don ka ga ƙurar yau ta yi yawa. Mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna. Akwai kuma nau'in da ake haɗa shi da maganin buɗe hanci, sau da yawa za ka ga harafin D a ƙarshen sunan. Wannan yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya, yana hana barci. In kana da hawan jini ka bar musu kayansu.

Ba ka tambayi setirizin ba, wanda wasu suka sani da Zyrtec, amma na san wani zai kawo shi. Shi uwargidana ke sha in borin jini ya taso mata, fata ta yi rudu-rudu, kuma gaskiya ya fi saurin kwantar da shi, cikin awa guda ka ga jiki ya fara lafawa. Shi ma miligiram 10 ne sau ɗaya a yini. Sai dai ya fi loratadin sa barci, ita da dare take sha. Mai ciwon ƙoda ana rage masa. Kuma a watan Mayun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu da suka yi watanni ko shekaru suna shan sa kullum, da suka daina sai ƙaiƙayi mai tsanani ya taso musu. Ga mai tuƙi dai ina nan a kan bakana.

Yanzu maganar wurin saye, don a nan ake cutar mutane. In ka ce loratadin, yaron kemis ya miƙo maka wani abu ya ce duk ɗaya ne, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta Loratadine 10mg a jikin katin. Sunan kamfani na iya bambanta, akwai Loratyn, akwai Clarityne, akwai wasu, amma wannan rubutun dole ya fito. Kada ka karɓi katin da aka yanke da almakashi ta gefen da kwanan lalacewa yake. Ka duba lambar NAFDAC, in kwalin na da wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar ta tes, don mai jabu ma ya iya buga lamba a kwali. Masu yawo da faranti a ka cikin tasha, magani ya wuni a rana ya kwana a sanyin Jos, ko kyauta suka ba ka ka ce ka gode.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne haɗi. Ka ce kana atishawa, a zazzago maka fara da ruwan ɗorawa da shuɗiya a ƙulle a leda, ba suna ba kwali, a ce safe da yamma. Sau da yawa akwai deksametason ko furedinisolon a ciki, wato magunguna masu ƙarfi na danne kumburi. Za ka ji daɗi nan take, shi ya sa mutane ke komawa suna yabon mai kemis ɗin da iya aiki. In aka daɗe ana sha kuwa, fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, gyambon ciki ya taso, ƙashi ya yi rauni, kuma ba a yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba. Ƙwayar da ba ka ga katinta ba, kada ta wuce maƙogwaronka. Ba na zarginka da komai, amma tunda tasha ce, ka gaya wa yaranka: Piriton a kan giya ko taramol ko kodin barci ne a kan barci, yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin ma tun 2018 gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi, duk wanda ya fito maka da shi daga ƙarƙashin kanta ka san da wa kake hulɗa.

In za ka ajiye a gida, kada a ba dattijon da fitsari ke masa wuyar fita Piriton, yana iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya, haka mai hawan jinin ido. Tsofaffi yana sa su jiri da ruɗewa, a faɗi a karye. Masu ɗura wa yara don su yi barci a huta kuma su ji tsoron Allah. Wani yaron ma maimakon barci firgita yake yi ya hana kowa runtsawa. Loratadin na ruwa ana ba yaro daga shekara 2, gwargwadon nauyinsa, ba a ɓalla masa na manya da ka. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa a awo kafin su sha kowanne.

Ka tabbata kuma abin da ke damunka ke nan. Majina fara tsararo, ƙaiƙayin hanci da ido, ba zazzaɓi, yana tashi in ƙura ta tashi: wannan layin loratadin ne. In da zazzaɓi da ciwon jiki da majina mai kauri, wata magana ce daban. In ƙirji na kukan usur ko numfashi na sarƙewa da dare, asma ake zargi, kuma Piriton ko loratadin babu wanda ke maganinta. In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura bayan cin wani abu, ko allura, ko harbin zuma, murya ta shaƙe, kada a tsaya ɓallar ƙwaya, allurar adirenalin ake buƙata, a yi asibiti mafi kusa da gudu.

Takunkumin da muka jefar bayan korona ka nemo shi don lokacin lodi da go-sulo ɗin Mararaba, ka riƙa ɗaga gilashi in kana bin bayan tifa. In ka yi mako biyu kana shan loratadin kullum ba ka ga canji ba, ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ka tafi da katin a hannunka su ga abin da ka sha.