Adaftar waya a otal: saura kaɗan in jefar da ita

Wata uku na yi ina yawo da wannan 'yar adaftar a jaka, irin wadda ake jona mata kebul ɗin intanet ta gefe ɗaya, wayar tebur ta ɗaya gefen, lambar ofis ɗina ta bi ni duk inda na sauka. A gida kam ba ni da abin cewa, jonawa kawai za ka yi, fitila ta yi kore, ka ɗaga kan waya ka ji layi, murya tar kamar mutum yana gefenka. Abin da ba a rubuta a jikin kwali ba shi ne, da ta shiga otal sai ta koma kurma kuma makauniya.

Na shiga ɗaki wajen ƙarfe 9 na dare, da safe ina jiran wani kira da dole ta lambar ofis zai shigo. Na ma yi sa'a akwai ramin kebul a bayan tebur, don otal da yawa yanzu WiFi ne zalla. Na jona, fitilar intanet ta kama, ta waya kuma sai ƙiftawa take yi. Na cire na mayar, na kashe na kunna ya fi sau goma, na canza kebul, shiru kake ji. Sai da na soka laftof ɗina a ramin nan na gane inda gizo ke saƙa: wannan shafin da ke tare mutum ya ce saka lambar ɗaki da sunanka ka danna ka amince. To adafta ba ta da allo, ba ta da burauza, wa zai danna mata? Otal ya ba ta lambar IP, wato adireshinta a kan intanet ɗinsu, ya kuma tsare ta a bakin ƙofa, ita kuwa baiwar Allah tana ta neman yin rajista da kamfanin layi ba abin da ke wucewa.

Na sauka risefshan da ita a hannu, yaron da ke wurin ya juya ta ya sake juyawa ya ce, "Yallaɓai, ka buɗe burauza a jikinta mana." Ban ga laifinsa ba wallahi, bai taɓa ganin irinta ba.

Wajen ƙarfe 1 na dare dabara ta zo. Na'urar otal ba ruwanta da kai waye, lambar MAC take ganewa, wato lambar shaidar na'ura, wannan mai haruffa da lambobi 12 da ke manne a ƙasan adaftar. Na cire adaftar, na sa wa laftof lambarta, na buɗe shafin na cike komai, na zare laftof na mayar da adafta. Kore! Na ɗaga waya na ji layi, ni kaɗai a ɗaki ina ta dariya. Kar dai ka bar su biyun a jone lokaci guda da lamba ɗaya, rikicewa suke yi. Kiran safe ya shigo lafiya lau, a ranar da an tambaye ni tauraro biyar zan ba ta.

Amma fa duk lokacin da na tuna dare na biyu sai raina ya ɓaci. Ashe izinin na awa 24 ne, ya ƙare ina barci, ita kuma adaftar ko ƙara ba ta yi ba balle ta sanar da ni. Na wuni ina cewa yau kasuwa shiru, ashe mutane suna ta kira ba ya shiga, sai da yamma wani ya same ni ta salula yana faɗa. Na'urar da aikinta kenan karɓar kira, a ce layi ya yanke ba za ta iya ko ɗan kuka ba?

Daga baya na sayi ƙaramar rawuta ta tafiya, wato na'urar raba intanet, ita ke kama WiFi ɗin otal, in shiga shafin da salulata ta cikinta, otal yana ganin na'ura ɗaya, adafta ta laɓe a baya. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai kaya sun ƙaru, caja biyu, kebul biyu, kuma kullum sai na sake shiga shafin. A wani otal ɗin ma rajista ta yi, waya ta yi ƙara, ina jin mutum shi ba ya ji na, wani kuma sun toshe ƙofar 5060 da kiran ke bi gaba ɗaya, sai da na kunna VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar da ke kewaye toshewar, a rawutar.

Tauraro uku na yi niyya, da na tuna kiran da na rasa na mayar biyu. Yanzu a gida nake barinta, in zan yi tafiya in karkatar da lambar zuwa salula.